Neman gidan haya a Tema: yadda na ga aikin wani ofishin dillalai na ƴan zango

Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, a kan iyakar Nijar da Benin, a shekarar 2023, kaya masu yawa na Nijar suka daina biyowa ta Kwatano, kuma kamfanonin fiton kaya na Yamai suka ƙara mai da hankali ga tashar jiragen ruwa ta Lome, wasu kuma ga ta Tema a ƙasar Gana. Ina cikin ma'aikatan da aka tura Tema, kuma tambayar da ƴan'uwa na Tawa da abokan aiki na Yamai suka fi yi mini a waya ita ce ta wurin kwana: ta hannun wa ake samun gida, nawa ake kashewa, kuma wa za a amince wa. Wannan rubutu ya shafi ofishin da ya nema mini gida, wani ƙaramin ofishin dillalai da ke Ashaiman, wanda wani dattijo haifaffen zango yake riƙe da shi tare da samari masu yi masa zirga-zirga. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai yabo a cikin maganata, akwai kuma ƙorafi. A taƙaice, la'adar da na biya ta yi amfani, amma amfaninta ya fi fitowa a wurin ciniki da rubuta yarjejeniya, domin a wajen nuna gidaje aikinsu bai wuce na kowane dillali ba.

Sai mutum ya fahimci tsarin garin kafin ya gane abin da dillali yake nuna masa. Tema ƙauyen masunta ne na mutanen Ga, kimanin kilomita 25 gabas da Ankara (Accra), babban birnin Gana, kafin gwamnatin Kwame Nkrumah ta gina tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1962, aka kwashe mazauna ƙauyen zuwa wani sabon matsuguni, aka zana gari a takarda aka raba shi unguwa-unguwa da lambobi. Unguwa ta ɗaya ce take da babbar kasuwa, ta biyu tana daf da tashar, su kuma masu manyan lambobi, kamar ta 25, sun yi nisa can wajen hanyar Aflao, garin da ke kan iyakar Togo. Matatar mai, masana'antar narka alminiyam ta VALCO, kamfanonin sarrafa koko da na kifin gwangwani duk suna nan, kuma su ne suke jawo ma'aikata. Leburorin da tsararren garin bai yi wa tanadi ba suka tare a Ashaiman, ƙetaren babbar hanyar mota ta Ankara da aka buɗe a 1965, kuma a can ne zango yake, da masallatansa, da masu tuwo, da kasuwar shanu ta Tulaku. Bahaushe ba ya ɓata a Ashaiman, amma wanda aikinsa yake bakin tasha da sassafe zai sha cunkoson manyan motoci kullum safe da yamma.

Babbar matsalar baƙo ita ce kuɗin gaba. A Yamai mun saba da biyan haya wata-wata, bayan an ajiye kuɗin wata biyu ko uku a farkon shiga. A Gana mai gida yakan nemi hayar shekara guda cif, sau da yawa ma ta shekara biyu, kafin ya miƙa makulli. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar abin da ya wuce na wata shida, kuma akwai hukuma mai kula da sha'anin haya da ake kai ƙara gabanta, amma gidaje sun yi wa masu nema kaɗan, saboda haka wanda ya tsaya a kan doka sai ya ga wani ya riga shi biya. Gwamnati ta ƙaddamar da wani shiri na ba da rancen kuɗin haya a 2023, sai dai na ƴan ƙasa ne, bai shafe mu ba. Sakamakon wannan al'ada shi ne ɗan haya yana zama mai bin mai gida bashi tun ranar farko, ba tare da wani abin riƙo a hannunsa ba. Idan rufi ya yi yoyo, ba shi da hayar wata mai zuwa da zai riƙe har a gyara, idan kuma kamfani ya mai da shi Lome ko ya kira shi gida, kuɗinsa suna aljihun wani. Da wannan ma'auni na auna ofishin: me suka yi domin kare kuɗin da na zuba?

Zan fara da abin da bai gamsar da ni ba. Kafin su tashi daga kujera akwai kuɗin gani da ake biya, wanda ba a mayarwa ko da ba a sami gida ba, kuma kuɗin tasi na zagaye yana kan mai nema. Wannan al'adar dillalan garin ce gaba ɗaya, ban zarge su a kanta ba. Abin da na zarga shi ne hotunan da suka riƙa turo mini ta WhatsApp tun ina Yamai, waɗanda da na iso na tarar wasu na gidajen da aka riga aka kama ne, wasu kuma an ɗauke su tun gidan yana sabon fenti. Haka kuma, da samarin suka ji cewa kamfani ne zai biya, sai suka fara da gidajen da suka fi ƙarfin albashina, a unguwannin da Turawa da manyan ma'aikatan masana'antu suke zama, inda ake faɗin haya da dalar Amurka. Dalilin a fili yake: la'adarsu kashi goma cikin ɗari ce ta jimillar abin da aka biya, don haka tsadar gida da tsawon kuɗin gaba riba ce gare su. Duk wanda zai yi hulɗa da dillali a Tema ya riƙe wannan lissafi a ransa, domin mutumin da ya ɗauka ya tsaya masa yana samun ƙari ne idan shi ya yi asara. Sai da na faɗi iyakar abin da zan iya biya a gaban dattijon, ya kira babban yaronsa ya ce, "Wannan ɗan'uwanmu ne daga Adar, ku daina yawo da shi, ciki da falo yake nema mai bayan gida a ciki," sannan aka fara nuna mini abin da ya dace.

Daga nan ne aikin ya canza, domin dattijon da kansa ya karɓi ragamar. Gidan da na zaɓa ciki da falo ne a bayan wani babban gida, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Tema, inda mota ɗaya take kai ni bakin tasha. Abu na farko da ya yi shi ne tabbatar da cewa matar da ta nuna mana gidan ita ce take da ikon ba da shi haya. Yawancin filayen tsohon garin suna ƙarƙashin hukumar raya Tema da ake kira TDC, wadda aka kafa a 1952, kuma gidaje da yawa sun zama na gado, inda magada suke da yawa, wasunsu ma suna Ingila ko Amurka. Zambar da aka fi yi wa baƙi ita ce wani mai gadi, ko ɗaya daga cikin magada, ko ma tsohon ɗan haya da bai mayar da makulli ba, ya karɓi kuɗin shekara daga mutum biyu ko uku a kan ɗaki ɗaya ya ɓace. Dattijon ya nemi ganin takardun gidan, ya daidaita sunan da ke kansu da katin shaidar matar, ya kuma shiga maƙwabta ya yi tambaya da harshen Tuwi, wanda ni ba na ji. Na ce masa, "Baba, ai matar da ganinta mai mutunci ce." Ya ce, "Ɗana, mutunci ba ya hana ɗan'uwanta ya sauka daga jirgi gobe ya ce gidan ubansa ne." Ya kuma hana ni miƙa kuɗi a hannu, ya ce a biya ta banki domin a sami shaida.

Cinikin ya ɗauki lokaci. Matar ta nemi shekara biyu, shi kuma ya sauko da ita zuwa shekara guda, da hujjar cewa wasiƙar kamfani tana nan, kuma ma'aikacin kamfani ba ya gudu da haya. A nan na yaba masa ƙwarai, domin ragin da ya nema ya rage masa tasa la'adar da rabi, kuma ya san haka. Mai yiwuwa yana hangen sauran ƴan Nijar da za su biyo bayana ne, amma ko da wannan ne dalilinsa, ni dai na amfana.

Yarjejeniyar an rubuta ta da Ingilishi, mu kuwa karatunmu na Faransanci ne, saboda haka ya zauna ya fassara mini ita sakin layi bayan sakin layi da Hausar zango, wadda ta bambanta da tamu ta Adar amma ba ta hana fahimta. Ya sa aka rubuta hayar da sidi, kuɗin ƙasar, aka kuma rubuta cewa ba za a ƙara ba har wa'adin ya cika. Muhimmancin wannan yana bayyana ga wanda ya tuna cewa hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022, kuma tun daga lokacin masu gidaje da yawa suke son ɗaura haya a kan dala, duk da cewa babban bankin ƙasar ya hana sa farashi da kuɗin waje. Wanda ake biya da sefa, wadda take ɗaure da yuro, shi ne ya fi cin ribar yarjejeniyar sidi a duk lokacin da sidi ya faɗi. Sannan ya sa aka ƙara sharaɗi cewa idan aiki ya ɗauke ni daga garin, zan ba da sanarwa a rubuce, a mayar mini da kuɗin watannin da suka rage da zarar an sami wani ɗan haya, ko kuma a yarda abokin aikina ya gaje ɗakin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi daraja a takardar, kuma da ni kaɗai ne da ban san ana iya nemansa ba. An kuma lissafa gyaran da yake kan mai gida, wato rufi, bututun ruwa da wayoyin wuta, da wanda yake kaina.

Akwai abubuwan da suka sani sarai amma ba su faɗa ba sai da na gani da idona, kuma a nan ne na rage musu maki. Mutumin Tawa ya saba da iskar da take busar da wanki kafin a gama shanya, ba ya tunanin cewa iska tana iya cin ƙarfe. A Tema iskar teku tana ɗauke da gishiri, tana sa ƙofofin ƙarfe, makullai, fanka da bayan firiji su yi tsatsa cikin ƴan watanni, kuma a lokacin manyan ruwan sama, daga Afrilu zuwa Yuli, laima tana sa takalman fata da manyan riguna su yi fumfuna a cikin akwati. Ɗakin da na kama yana da taga ta gefe ɗaya kawai, kuma dillalin da ya san baƙonsa daga Sahel ya fito ya kamata ya ce masa ya nemi ɗaki mai tagogi biyu masu kallon juna. Haka batun ruwa: famfo ba ya zuwa kullum, gidaje suna dogara da tankin roba, kuma tankin gidanmu na kowa ne, wanda na babban gida suke riga ni shanyewa. Wutar lantarki ta kati ce, ana saya kafin a sha, amma mitar ɗaya ce tsakanina da wani ɗan haya mai injin sanyaya ɗaki, kuma rabon kuɗin ya zama abin jayayya. Tambaya uku ce kacal, ta taga, ta tanki da ta mita, kuma babu wanda ya yi ta a madadina.

Bayan an biya la'ada, dillalai da yawa ba sa ƙara ɗaukar waya. Waɗannan sun ɗauka, ko da yake da jan ƙafa. Da rufin falo ya fara ɗiga a farkon damina, mai gidan ta yi ta ɗaga ranar gyara, sai da dattijon ya je da kwafin yarjejeniyar ya nuna mata layin da ta sa wa hannu, sannan kafinta ya zo. Batun mitar kuwa har yanzu bai warware ba, domin samun sabuwa daga kamfanin wuta na ƙasar yana buƙatar sa hannun mai gida da jira mai tsawo, kuma ofishin ya nuna cewa wannan ya wuce hurumin aikinsa.

Sun kuma taimaka da abin da ba na haya ba ne kai tsaye. Baƙon da zai zauna kwana 90 ko fiye a Gana ana buƙatar ya yanki katin shaida na waɗanda ba ƴan ƙasa ba, wanda ake biya da dala kuma ake sabuntawa, kuma ba tare da shi ba buɗe asusun banki da rajistar layin waya suna wahala. Dattijon ya matsa mini in yi shi da wuri, yana tuna mini korar baƙi ta 1969 a zamanin firaministan Gana Kofi Busia, wadda ta rutsa da ƴan Nijar masu yawa da ba su da takardu. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025, wannan shawara ta ƙara nauyi.

Ofishin ya dace da ma'aikacin da kamfani ya turo da wasiƙa da kuɗin shekara a hannu, wanda ba ya jin Ingilishi ko Tuwi, kuma yake son wanda zai tsaya masa a gaban mai gida. Ɗan cirani da ya zo neman aikin dako ko gadi ba ya buƙatarsu, domin la'ada da kuɗin gani za su cinye guzurinsa, gara ya sauka wurin mutanen garinsu a zango har ya tsaya da ƙafarsa. Wanda zai je wurinsu ya faɗi iyakar kuɗinsa tun a zaman farko kuma a gaban dattijon, kada ya tura ko sefa ɗaya daga Yamai a kan hoto, ya kuma nemi a rubuta a yarjejeniya cewa mai gida za ta sa hannu a takardar neman mita ta daban kafin ya biya kuɗin gaba.