Sharhi a kan manhajar da ke nuna layin hawan dutse

Manhajar da nake magana a kanta tana cikin waɗanda masu hawan dutse suke saukewa a waya domin su ga hoton fuskar dutse da layi mai launi a kansa, wanda yake nuna inda hanya ta fara, inda ta bi, da inda ta ƙare. Na yi amfani da ita a kan gajerun hanyoyi masu zango ɗaya, wato hawa ɗaya daga matsaya zuwa matsaya, da kuma dogaye masu zango-zango, kuma da abu ɗaya na auna ta: ko tana riƙe mai hawa a kan layin da ya yi niyya, ko tana barinsa ya ratse.

A ɗakin hawa na cikin gini, launin mariƙa, wato wuraren da ake kamawa da hannu ko a taka, shi ne yake nuna hanya, kuma a dajin Fontainebleau na Faransa an zana ƙananan kibau masu launi a jikin duwatsu. Yawancin duwatsu ba su da irin wannan gata, kuma ratsewa a kansu ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya shirya wa hanya mai matakin 5c a ma'aunin Faransa yana iya tsintar kansa a kan ta 7a, wadda ta fi ta wuya nesa ba kusa ba, saboda ya matsa mita biyu zuwa dama, ko ya shiga wurin da babu ƙusar maƙala igiya ko ɗaya, inda dutse yake ɓarewa a hannu domin ba wanda ya taɓa share shi. Idan ya faɗo daga gefe, igiya za ta yi lilo da shi ta maka shi a bango, kuma ko bai faɗo ba, igiyar da ta yi ta karkace-karkace tana yin nauyi har ta riƙa jan sa baya.

A gajerun hanyoyi manhajar ta biya ni. Hotunanta suna da haske, ana iya faɗaɗa su, kuma ana sauke su tun kafin a bar inda ake samun intanet. Gano mafarin hanya a bangon da layuka goma suka jeru kusa da juna ya zama aikin minti ɗaya. Tana kuma faɗin yawan ƙusoshi da tsawon hanya, abin da yake da muhimmanci ƙwarai, domin igiya mai mita 60 ba za ta dawo da mutum ƙasa daga hanya mai mita 35 ba, tunda sai igiyar ta kai sama ta kuma dawo ƙasa, wato mita 70.

A dogayen hanyoyi ne ƙarfinta ya ragu, kuma laifin yana ga hoton kansa. Hoton da aka ɗauka daga gindin dutse yana matse ɓangaren sama, ta yadda zango na huɗu da na biyar, inda aka fi buƙatar jagora, suke zama ɗan guntun layi a saman allo. Kaurin layin da aka zana yana rufe mita da yawa na dutsen gaske, saboda haka idan tsaga biyu suka tashi gefe da gefe, ba ya bambanta wadda ake nufi. Na'urar nuna wuri ta waya ba ta da abin cewa a nan, tunda a bango miƙaƙƙe mutum yana yin sama ne alhali ɗigonsa a taswira yana nan inda yake. Bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto shi ya kamata ya cike wannan giɓi, amma sau da yawa jimla ɗaya ce tak. Tsofaffin littattafan jagora masu zanen hannu sun fi ta a wannan fanni, domin mai zanen yakan bar abin da ido ba ya buƙata, ya fito da kusurwa, da rufin dutse, da dandamalin tsayawa, kowanne da alamarsa.

Abin da na fi so a ga an gyara shi ne shirunta game da alamun yaudara. Tsohuwar ɗamarar maƙala igiya da ke rataye a gefe, ko ƙusa guda da ta yi tsatsa, sau da yawa shaida ce cewa wani ya ɓata a wurin ya sauka, kuma farin allin da masu hawa suke shafawa a hannu, idan aka gan shi a kan mariƙi, yana iya zama sawun wanda ya ratse jiya. Gargaɗin irin waɗannan wurare yana cikin bayanan da masu hawa suke ƙarawa da kansu, waɗanda na same su da amfani fiye da na asali, sai dai an binne su can ƙasa inda mai gaggawa ba zai duba ba.

Riƙe waya da hannu ɗaya a matsaya, ga hasken rana a allo ga sanyi yana cinye batir, ba abin dogaro ba ne. Ina ba da shawarar manhajar ga mai hawan gajerun hanyoyi masu ƙusoshi ba tare da jinkiri ba. A dogayen hanyoyi kuwa ina amfani da ita ne a ƙasa kawai, in kwafe bayanin kowane zango a takarda in sa a aljihu, tare da zanen littafi idan akwai shi.