Fim ɗin neman makami da fim ɗin neman sulhu a Amurka, 1915 da 1916

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fim ne ya ja Amurkawa cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bari a jera maka fina-finai biyu na lokacin, dukkansu marasa sauti, sai rubutu a allo da makaɗa a zaure.

Na farko, The Battle Cry of Peace, kamfanin Vitagraph ya fitar da shi a Satumbar 1915, wata huɗu bayan jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutsar da Lusitania, jirgin ruwan fasinja na Birtaniya, inda kusan mutum 1,200 suka mutu, 128 daga cikinsu Amurkawa. Mai shirya fim ɗin, J. Stuart Blackton, ya gina labarin kan littafin Hudson Maxim, ƙwararre wajen haɗa albarushi. Abokan gaba sun mamaye New York, ba a faɗi ƙasarsu ba, amma kowa ya gane Jamusawa ake nufi. An kuma nuna masu kiran zaman lafiya a matsayin waɗanda 'yan leƙen asiri ke juyawa. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya goyi bayan fim ɗin. Henry Ford, mai kamfanin motoci, kuwa ya sayi shafukan jaridu yana cewa dillalan makamai ne ke neman kasuwa, har Vitagraph ta kai shi kotu. Lura da kyau: fim ɗin bai ce a tafi Turai ba, cewa ya yi a tanadi sojoji da jiragen ruwa don tsaron gida.

Na biyu, Civilization na Thomas Ince, ya fito a 1916. Kwamandan jirgin ƙarƙashin ruwa ya ƙi bin umarnin harbo jirgin fasinja, daga baya aka nuna Yesu Almasihu yana zagayawa da sarkin ƙasar kwamandan filin daga don ya ga ɓarnar da ya jawo. Wannan ya dace da yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa Woodrow Wilson, wanda magoya bayansa ke tallata shi da cewa ya hana ƙasar faɗawa yaƙi, kuma ya ci zaɓe a Nuwamba.

A ganina inda suka haɗu ya fi muhimmanci. Dukkansu da hawayen mata da yara suka kama zuciyar mai kallo, wanda a lokacin yana jin haushin Jamus amma ba ya son tura ɗansa ƙetare. Shi ya sa kowannensu ya samu kasuwa. Raunin na Ince shi ne, mugun da ya zana ma kamannin Bajamushe gare shi, don haka ya ƙara wa ƙiyayyar wuta.

Abin da ya karya ra'ayin tsaka-tsaki ya zo ne a 1917: Jamus ta koma nutsar da jirage ba zaɓi daga 1 ga Fabrairu, sannan a Maris aka fallasa saƙon Zimmermann, ministan harkokin wajen Jamus, mai zuga Meziko ta yaƙi Amurka. Ranar 6 ga Afrilu Amurka ta ayyana yaƙi kan Jamus, da ƙuri'a 82 da 6 a majalisar dattawa, 373 da 50 a ta wakilai.