Kwanon Naira 70: abin da na gani a abincin 'yan firamare

Ni mai sayar da awara ce a ƙofar gida, don haka in ana maganar abinci, da mudu nake lissafi. 'Yata ta biyu ta ci abincin nan da gwamnatin tarayya ta riƙa ciyar da 'yan firamare tun daga aji ɗaya har aji uku, kuma da wuya ta dawo ban buɗe robarta na leƙa ba.

A 2016 aka fara shirin, zamanin Buhari, amma sai daga baya ya iso makarantar unguwarmu. An ware Naira 70 ga kowane yaro a rana. Matan unguwa aka ɗauka su dafa, ana tura musu kuɗin ta asusun banki. Ɗaya daga cikinsu katanga ce kawai tsakaninmu, da asuba nake jin ƙamshin manjanta.

Gaskiya farkon abin ya yi daɗi. Ranar shinkafa da wake, yarinyar nan ba ta jira in tashe ta, ita ke neman hijabinta da kanta. Na huta da kuɗin tara, wanda ga mai 'ya'ya biyar ba ƙaramin sauƙi ba ne. Yaran da na saba gani da farantin talla da sassafe sai ga su da kayan makaranta, wasu ko takalmi babu. Malamin ajinsu ya ce min, "Maman yara, rajista ta cika, yanzu wurin zama muke nema." A ƙasa suke zaune, gwiwa na gugar gwiwa. Akwai kuma 'yan dabara, waɗanda da an tashi tara sun cika ciki, sai su sulale ta bayan aji. Wannan kam ba laifin tukunya ba ne.

Inda abin ya fara ba ni haushi shi ne ƙwai. Sau ɗaya a mako ake bayarwa. Da fari guda ne cur, ta kawo shi gida a hannu tana nuna wa ƙannenta kamar ta ci gasa. Ana nan sai ya koma rabi. Wata rana na buɗe robar na tarar da wani ɗan yanki, na rantse ko kwata bai kai ba, gwaiduwar ta murmushe cikin shinkafa. Na tari maƙwabciyata da maganar, sai ta ce, "Yaya, ke ma kina zuwa kasuwa. Ki cire itace, ki cire mai, ki cire kuɗin Keke Napep, ki gaya min abin da ya rage a saba'in ɗin." Na yi shiru, don ni ma na san yadda waken suya ya yi da ni. Kaya na hawa, kuɗin kwano na nan inda yake, ludayi ne ya riƙa ƙanƙancewa. Wani lokacin kuma sati biyu ko uku ba a ɗora tukunya ba, in ka tambaya a ce alat bai shigo ba, yara su dawo da roba a bushe.

Sai batun 'yan aji huɗu zuwa shida da ba sa ciki. Yayanta yana aji biyar lokacin, ta taga yake kallon ana rabo. Ita ce ke ƙulle masa rabi a leda. In maki zan bayar, shida cikin goma, kuma biyu daga ciki na matan da ke tashi da asuba ne.

A watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Autana ya shiga aji ɗaya bayan nan, na koma ba da kuɗin tara. Robar yayarsa kuwa tana nan, shuɗiya mai fasasshen murfi, da ita nake auna waken suya.