Sharhi kan tsarin bibiyar canji na SQL Server bayan shekara guda ina aiki da shi

Ni ne mai kula da rumbun bayanan wani kamfanin sarin kayan masarufi, kuma kowane dare sai mun kwashe abin da aka shigar a ranar zuwa wani rumbu na daban da akantoci suke fitar da rahoto daga cikinsa. A da, dukkan teburan rumbun, wato jadawalan da bayanai ke jere a cikinsu layi-layi, muke kwafewa, da wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba, har aikin ya riƙa kaiwa asuba bai ƙare ba. Wannan ne ya kai ni ga tsarin bibiyar canji da Microsoft ta sanya wa suna Change Tracking, wanda ya fara zuwa a bugun 2008 na SQL Server, manhajarta ta rumbun bayanai, kuma ana samunsa a kowane bugu har da Express na kyauta.

Kunna shi ba wuya: a fara da rumbun gaba ɗaya, sannan a bi teburan da ake so ɗaya bayan ɗaya, da sharaɗin kowane tebur yana da babban mabuɗin da ke bambance layukansa. Daga nan, duk aikin da aka kammala wanda ya taɓa waɗannan tebura yana samun lamba mai hauhawa. Abin da ya rage wa mai aiki shi ne ya adana lambar da ya tsaya a kanta jiya, wadda umarnin CHANGE_TRACKING_CURRENT_VERSION ke bayarwa, yau kuma ya miƙa ta ga umarnin CHANGETABLE tare da sunan tebur, sai a jero masa mabuɗan layukan da suka canza, kowanne da harafin I ko U ko D, wato an ƙara, an gyara, ko an goge.

Inda na fi daɗewa ina fama shi ne tambayar da ta kawo ni tun farko: waɗanne tebura ne suka canza tun daren jiya? CHANGETABLE tebur ɗaya yake karɓa a lokaci guda, shi kuma sys.change_tracking_tables, wanda sunansa ke sa mutum ya zaci amsar tana ciki, jerin teburan da aka kunna wa bibiya kawai yake nunawa, ba waɗanda aka taɓa ba. Dole na rubuta umarnin da ke ɗauko sunaye daga wannan jeri, ya gina tambaya ga kowane tebur, ya duba ko akwai ko da layi ɗaya da ya canza bayan lambar da na adana. Yana aiki, yana kuma da sauri, domin ba ƙidayar layukan nake nema ba, ko akwai ko babu kawai nake tambaya. Duk da haka, a ganina tambaya mai muhimmanci irin wannan ta cancanci amsa ta kai tsaye daga tsarin kansa.

Akwai abin da nake roƙon duk mai niyyar amfani da shi ya riƙe da kyau. Tarihin canjin ba ya dawwama, domin idan ba a sauya ba, kwana 2 kawai ake ajiye shi kafin a share. Mun bar shi a haka, sai hutun Babbar Sallah ya zo, aikin dare ya tsaya na kwanaki, lambar da muka adana ta tsufa, kuma da muka dawo wasu canje-canjen sun riga sun ɓace daga tarihin. Sakacin namu ne, tunda akwai CHANGE_TRACKING_MIN_VALID_VERSION da ke faɗa wa mutum ko lambarsa tana da sauran amfani ga wani tebur. Yanzu kwana 7 muke ajiyewa, ba ma kuma karanta canji sai mun yi wannan binciken. Idan lambar ta faɗi ƙasa da wadda binciken ya nuna, sai a sake kwafe teburin dungurungum. Binciken ne kuma ke kama wanda ya share tebur da TRUNCATE, umarnin da ke goge dukkan layukansa a lokaci guda, domin layukan da aka goge ta wannan hanya ba sa shiga tarihi.

Tsarin ba ya adana tsohon abin da ke cikin layi. Zai gaya maka an gyara farashin buhun shinkafa, amma ba zai gaya maka nawa yake a da ba, kuma ko sau biyar aka gyara shi, layi ɗaya za ka gani. Mai neman irin wannan tarihi, misali don binciken kuɗi, Change Data Capture ya kamata ya duba, wanda ke karanta kundin ayyukan rumbun kuma yake dogara da SQL Server Agent, wato ɓangaren da ke gudanar da ayyukan da aka tsara wa lokaci. Mu buƙatarmu ba ta kai nan ba. Tun da muka koma ɗauko abin da ya canza kaɗai, aikin dare yana ƙarewa kafin in bar ofis, masu karɓar kuɗi a kanti kuma ba su taɓa kawo mini ƙarar cewa kwamfuta ta yi musu nauyi ba.