Shekara uku ina zaune da bizar ritaya ta Tailan

Abokan kasuwancina na Kantin Kwari sun yi ta aiko min da tambaya iri ɗaya ta WhatsApp: wai Alhaji, wannan bizar da kake zaune da ita a Bankok, ta ci kuɗinta kuwa? Amsar ba ta shiga saƙon murya na minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta. Yanzu ina cikin shekara ta uku, sau biyu ina sabunta ta, don haka abin da zan faɗa ba labarin ji ba ne.

Na fi shekara 20 ina zuwa kasuwar Pratunam da ke Bankok saro kaya, kwana goma ko sati biyu in koma. Da na miƙa wa yara shago, gwiwar Hajiya ta matsa mata, ni kuma suga ya fara taɓa ni, sai tunanin zama kusa da asibitin da na yarda da shi ya shige ni. Yayana bai so ba. Ya ce, “Kai da ka ga jikoki, me za ka je nema a ƙasar da ko gaisuwarsu ba ka iya ba?” Ban ba shi amsa ba a lokacin, domin maganarsa tana da ƙamshin gaskiya.

Ga yadda abin yake. Sai ka cika shekara 50. Sai ka nuna kana da baht 800,000 a ajiye (baht shi ne kuɗin ƙasar), ko kuɗin shiga na baht 65,000 duk wata, ko ka haɗa biyun su kai 800,000 a shekara. Mu ’yan kasuwa ba mu da fanso, don haka hanyar ajiya na bi. Irin bizar da na nema ita ce wadda suke kira O-A, wadda ake nema tun daga gida, kuma ni ta ofishin jakadancinsu na Abuja na bi a farkon 2023. Sun nemi takardar ’yan sanda cewa ba ni da laifi, da takardar likita cewa ba ni da kuturta, tarin fuka, tundurmi da sauran cututtukan da suka lissafa, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin dala 100,000, wato baht miliyan 3. Mu masu fasfon Nijeriya akwai ƙarin takardar wankewa daga hukumar NDLEA. Kowace takarda da kwanakinta, in ka yi jinkirin ɗaya sai ta farko ta tsufa kafin ta ƙarshe ta fito. Shawarata a nan ita ce ka fara da wadda ta fi cin lokaci, ka bar ta likita ta zama ta ƙarshe.

Wadda ta ba ni wuya ba ta cikin waɗannan. Hajiya a ƙarƙashina ta shiga, a matsayin iyali, sai aka ce in kawo takardar aure. Aurenmu a zauren mahaifinta aka ɗaura shi a 1988, waliyyai da shaidu da goro, aka shafa fatiha kowa ya watse. Ba wanda ya rubuta komai. Sai da na nemo mutum biyu daga cikin waɗanda suka halarta, ɗaya har an riƙo masa hannu saboda tsufa, muka je kotu suka ba da shaida, aka rubuta, aka kai Abuja aka buga hatimi. Da muka fito tsohon ya riƙe hannuna ya ce, “Ashe zan sake shaida auren nan.” Mai mace fiye da ɗaya ya san cewa dokar aure ta ƙasar mace ɗaya ta sani, in ban da larduna huɗu na kudu, Pattani, Yala, Narathiwat da Satun, inda ake bin shari’ar Musulunci a sha’anin aure da gado. Amma duk matar da ta kai 50 tana iya neman tata bizar da ajiyarta daban.

Kuskurena babba a kan kuɗi na yi shi. A neman farko, kuɗin da ke bankinka na gida ya isa shaida. Amma in za ka sabunta a can, dole kuɗin su kasance a bankin Tailan, da sunanka kai kaɗai, wata biyu kafin ranar da za ka nema. Na ce ai da sauran lokaci, na bar su a naira. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu, a farkon 2024 ta haura 1,500. Baht 800,000 kuwa sun haura dala 20,000. Abin da fili ɗaya zai biya min, sai da na sayar da biyu. Duk wanda abin hannunsa yake a naira, wannan ne lissafin da zai fara yi kafin ya yi tunanin jirgi: dokar da baht take magana, kuma ba ta saukowa don kuɗin ƙasarka ya faɗi.

Kuɗin kuma ba a taɓa su yadda aka ga dama. Bayan an sabunta maka, sai sun ƙara wata uku cif ba su ragu ba. Daga nan kana iya ci, amma kada su sauka ƙasa da 400,000, sannan wata biyu kafin sabuntawa ta gaba ka mayar da su 800,000. Jami’i zai bi littafin bankinka layi-layi da yatsa. Ni na raba asusu biyu, na ajiyar ko katin cire kuɗi ban karɓa ba, littafinsa yana ƙasan akwati tare da fasfo. Wani abu da ba mai gaya maka: kuɗin nan sun haura nisabi, kuma shekara tana zagayowa a kansu. Zakkarsu ɗaya cikin arba’in, baht 20,000 ke nan duk shekara, kuma daga wani aljihun nake fitarwa don kada ajiyar ta motsa. Ɗan kuɗin ruwan da banki ke zubawa a kai kuwa, lissafa shi nake yi in ba da shi, ba na haɗa shi da nawa.

A nan ne ejan-ejan ke shigowa. Wani ya same ni a wani shagon shayi a unguwar Nana, da Turancinsa mai santsi, ya ce me zai sa in daskarar da dukiya haka, shi zai sa a zuba kuɗin a asusuna na yini ɗaya a cire, in biya shi lada. Na ce masa na gode. Mutumin da ya tsufa yana kare sunansa a kasuwa ba zai je ƙasar mutane ya zauna a kan takardar ƙarya ba, kuma ranar da asiri ya tonu hatimin a fasfona yake, ba a nasa ba. Akwai ejan na gaskiya masu cika maka takardu su riƙe maka layi, amma ni ban ga abin da suke yi da mutum ba zai iya da kansa ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Ranar sabuntawa kan zo min a watan Maris. Nakan yi asuba in fara zuwa banki da an buɗe, a buga min littafi a ranar, a ba ni wasiƙar shaidar ajiya, sannan in nufi babban ginin gwamnati na Chaeng Watthana, inda ofishin shige da fice yake. Takardar nema TM.7 ce, kuɗinta baht 1,900, da hoto, da kwafin shafukan fasfo kowanne da sa hannunka, da takardar haya, da taswirar gidanka. Karon farko ban san da taswirar ba. Jami’ar ta miƙo min farar takarda da biro ta ce in zana. Na zana titi, na zana gada, na zana masallaci da ɗan wata a kansa, na ja kibiya zuwa gidanmu. Ta duba ta yi murmushi ta haɗa da sauran. Wani abin da ya rikita ni shi ne shekarar da ke wasu takardun: suna ƙirga da shekarar Buda, wadda ta ɗara tamu ta Miladiyya da 543, don haka 2024 a wurinsu 2567 ce. Yini guda ake yi, amma in takardunka sun cika, a ranar kake fita da hatiminka, kuma ba wanda ya taɓa neman ko sisi a hannuna bayan abin da ke rubuce a rasit. Wannan na yaba, kuma na yaba ƙwarai.

Sauran ƙananan dokokin su ne masu kama mutum. Duk kwana 90 sai ka sanar da inda kake zaune, da ƙafa ko ta intanet, in ka makara tarar baht 2,000. Mai gidan da kake haya shi ma dole ya sanar da saukarka cikin awa 24, takardar da ake kira TM.30, kuma ka tabbata ya yi kafin ka biya shi kuɗin haya. Mafi haɗari ita ce izinin dawowa. Bayan ka sabunta, in ka fita ƙasar ba ka saye shi ba, shekararka ta mutu a filin jirgi, sai ka faro daga tushe. Na fita ɗaya baht 1,000, na fita da yawa 3,800. Mu da rasuwa ko ɗaurin aure kan taso da mu cikin dare, na 3,800 ɗin ne namu, kuma a ranar da aka sabunta min nake saye kafin in bar ginin. Aiki kuma haramun ne da wannan biza. Yara sun so in riƙa zaɓar musu kaya ina turawa, na ce a’a, su nemi wakili.

Inshora ce ta ɓata min rai. Wanda ya sayar min da ita ya ce komai da komai ta ɗauka. A shekara ta biyu ƙafata ta kumbura, aka kwantar da ni kwana uku, kamfanin ya ce wannan daga suga ne, suga kuma tsohon ciwo ne da na zo da shi, ba ya cikin yarjejeniya. Da na sa aka karanta min takardar a tsanake, haka aka rubuta a ciki, da ƙananan haruffa. Na biya daga aljihuna. Kuɗinta kuma ƙaruwa yake da shekarunka. Daga baya na gane masu zama da ɗaya bizar, wadda ake kira O kawai, ba a tilasta musu inshora wurin sabuntawa. Da yau zan fara, sai na auna wannan hanyar da kyau, in sayi inshorar da na zaɓa don lafiyata, ba don cika takarda ba. A ƙara da batun haraji: daga 1 ga Janairun 2024, wanda ya yi kwana 180 a ƙasar cikin shekara, kuɗin shigar da ya samu a waje ya shigo da su suna iya shiga lissafin haraji. A tambayi masani kafin a turo kuɗi masu yawa.

To me na samu? Gwiwar Hajiya an yi mata aiki, yau tana hawa bene, tana sallah a tsaye bayan shekara huɗu tana yi a kujera. Wuta ba ta ɗaukewa, insulin ɗina yana firji hankalina kwance. Muna haya a gabashin birnin, kusa da mashigin ruwan Saen Saep, inda Musulmi suka daɗe da zama, masallatai a jere a bakin ruwa. Ina jin kiran sallah daga ɗaki. Abincin halal ba wuya, akwai tambarinsa mai siffar lu’ulu’u a jikin kaya, kuma shinkafarsu tana tuƙuwa tuwo lafiya lau, kuka da daddawa kawai muke ɗaukowa daga gida. Yaran unguwa “lung” suke ce min, wato kawu. Zafin Afrilu kuwa na Kano ne aka ƙara masa gumi, a Janairu kuma hayaƙi kan rufe gari kamar hazon hunturu, sai dai wannan yana kama ƙirji.

Abin da bizar ba ta bayarwa shi ne zama ɗan gari. Shekara ɗaya ce, ta ƙare ka sake nema, ko ka yi goma haka za ka ci gaba, kuma ana iya canza sharuɗɗa kana tsakiyar zama, kamar yadda aka ƙara dokar ajiya da ta inshora a 2019. Baƙo ba ya mallakar fili. Ɗaki a dogon bene kawai zai iya saya, shi ma rabon baƙi a gini ba ya wuce kashi 49 cikin 100. Bara wani dattijo da muke sahu ɗaya ya rasu, muka bi shi maƙabartar da ke bayan masallaci. Ina tsaye ana zuba ƙasa, ’ya’yansa da jikokinsa sun kewaye kabarin, sai maganar yayana ta dawo min. Da dare na ce, “Hajiya, in tawa ta zo a nan fa?” Ta ce, “Alhaji, ƙasa duk ta Allah ce, amma ni dai kada ka sayar da gidan Kano.” Dama wani ya yi min tayi mai kyau a kansa. Washegari na kira shi na ce na fasa.

Ga mai larurar da ke son asibiti a kusa, wanda yake da abin da zai daskarar ba tare da ya taɓa cefanen gida ba, kuma bai gajiya da takardu, bizar nan tana yin abin da aka ce tana yi, ba ƙari ba ragi. Wanda zai sayar da gidan da yake kwana ko jarin ’ya’yansa don ya cika 800,000, ban ba shi shawara ba ko kaɗan. Ni zan sake sabuntawa a Maris in Allah ya kai mu, domin likitan Hajiya yana son ganin ɗaya gwiwar. Mun riga mun shirya cewa daga bana wata huɗu za mu riƙa yi a gida, daga azumi har bayan Babbar Sallah, izinin dawowa yana cikin fasfo, kuma auta ta ce ba za a sa ranar bikinta ba sai mun sauka.