Sharhi kan yadda PostgreSQL ke riƙe jerin lambobin teburi

Duk wanda ke kula da rumbun bayanai ya san cewa lambar shaidar da ake ba kowane sabon layi ita ce ƙashin bayan teburi, kuma a kan yadda PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, ke riƙe ta bayan sauye-sauye na auna shi. A ganina ya cancanci yabo, amma akwai wurare biyu da yake barin mai aiki cikin duhu.

Idan aka ƙirƙiri ginshiƙi da SERIAL, wato nau'in da ke ba kowane sabon layi lamba da kansa, manhajar tana samar da jerin lambobi na daban, ta ɗaure shi da ginshiƙin. Sauya sunan teburi ba ya kwance wannan ɗauri, domin da lambar cikin gida take gane jerin, sai dai tsohon sunan teburin yana nan maƙale a sunan jerin. Haka kuma pg_upgrade da pg_dump, kayan aikin haɓaka fitowa da kwashe bayanai, suna ƙaura da jerin daidai inda ya tsaya.

Matsala ta farko ita ce faɗaɗa ginshiƙi daga integer zuwa bigint, nau'in da ke ɗaukar lambobi mafi girma. Tun daga fitowa ta 10, a shekarar 2017, jerin da SERIAL ya haifa yana ɗaukar nau'in integer, iyakarsa 2,147,483,647, kuma faɗaɗa ginshiƙin ba ya taɓa wannan iyaka, ga shi ba a yin wani gargaɗi. Mutum zai ɗauka ya gama aiki, sai ranar da lambobi suka ƙare shigar da bayanai ya tsaya cik. Dole ne a bi jerin da umarnin ALTER SEQUENCE. Ginshiƙin IDENTITY, madadin SERIAL da ya zo a fitowa ta 10, yana faɗaɗa jerinsa da kansa, shi ya sa nake fifita shi a kowane sabon teburi.

Ta biyu ta fi damuna. Masu ƙaura zuwa sabuwar fitowa ta hanyar kwafin kai-tsaye na PUBLICATION da SUBSCRIPTION su sani cewa, har zuwa fitowa ta 17, layuka ne kawai ke tsallakawa, matsayin jerin ba ya bin su. Sabuwar sabar za ta fara ƙirga daga farko, ta ci karo da lambobin da ke teburi, ta ƙi karɓar sabon layi. Kafin a karkatar da masu amfani zuwa can, wajibi ne a daidaita kowane jeri da setval, mai saita lambar da jeri yake kai, a ɗora shi sama da lamba mafi girma da ke teburinsa.