Bobon ɗin Kirkland na Costco: cikin kwalabe ukun nan wacce ta ci kuɗinta?

Cikin kwalabe uku na bobon (wani nau'in wuski na Amurka) da babban shagon Costco ke sayarwa da sunan Kirkland Signature, Small Batch da Bottled-in-Bond da Single Barrel, ta tsakiyar ce ta ci kuɗinta, wato wacce aka rubuta Bottled-in-Bond a jikinta. Na fara da wannan ne dan nasan ba kowa zai karanta har ƙasa ba. Sannan rubutun nan na masu sha ne waɗanda shekarunsu suka kai 21 kamar yadda dokar Amurka tace, ƴan uwana musulmi nasan haramun ne a wurinku kuma ina girmama hakan, ba tallar giya nake ma kowa ba. Amma akwai mutanenmu da yawa a nan, ƴan Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba, waɗanda in biki ya tashi ko Kirsimeti sai kaga mutum yaje ya ɗauko kwalbar dala 60 ko 70 saboda suna kawai, in ka nuna masa ta Kirkland yace maka ai araha bata ado. Abun yana damuna gaskiya, domin kuɗin nan da gumi ake samunsu kuma akwai masu jira a gida.

Abun da ya kamata a fara sani shine Costco bata dafa giya. Kirkland Signature suna ne kawai da suka ƙirƙiro a 1995 suke maƙalawa kayansu, daga man zaitun har batir har takardar banɗaki, sai su samu kamfanin da ya iya abun yayi musu su kuma su sa sunansu. To tambayar a nan itace waye ya dafa. A kwalaben nan da suka fito a 2021 basu ɓoye ba, an rubuta Barton 1792 ƙarara a gaban kwalbar. Barton tsohuwar matatar wuski ce a garin Bardstown na jihar Kentaki, kamfanin Sazerac ne ya mallaketa tun 2009, kuma Sazerac ɗin nan sune masu wuskin Buffalo Trace da mutane ke bin layi a kansa. Su ne masu yin bobon ɗin da ake kira 1792, shekarar da Kentaki ta zama jiha kenan. Ni wannan kaɗai ya sa na saki jiki da kwalaben, saboda giyar shago da yawa in ka juya bayanta sai kaga sunan wani kamfani da a kan takarda kawai yake, bazaka taɓa sanin gidan da ta fito ba.

Wani abun kuma da ke kare mai saye shine doka. Kafin a kira abu bobon dole a Amurka aka yishi, dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin masara ce, dole a zuba shi a sabuwar gangar itacen ok wadda aka babbake cikinta da wuta, ba a ƙara kala, ba a ƙara sukari ko wani ƙamshi, ruwa kawai aka yarda a ƙara dan rage ƙarfi. Kalar nan ja-ja da mafi yawan zaƙin da kake ji daga ganga suka fito. Kenan ko mai araha ko mai tsada ƙa'ida ɗaya suka bi, bambancin yana wajen shekarun da yayi a ganga, da inda gangar ta zauna a sito, da kuma wanda ya zaɓi gangunan. Shi yasa ma bana yarda da masu cewa ai 1792 ne sak aka canza masa riga. Gida ɗaya ne eh, amma gangar da ta zauna a saman bene inda zafi ke dukanta da rani ba ɗaya take da wadda ta zauna a ƙasa wajen sanyi ba, kuma ba mai hankalin da zai ɗauka Barton zasu kwashe gangunansu mafi kyau su ba wani ya sayar a rabin kuɗi.

Yadda nake ɗanɗanawa ba wani abu bane mai wuya, ɗan kaɗan a kofin gilashi ba ƙanƙara, in barshi ya huta kamar minti goma, in shinshina, in kurɓa, daga baya in ɗiga ruwa kaɗan in sake ji.

Small Batch itace mafi araha, furuf 92 (furuf ma'aunin ƙarfin giya ne) wato kashi 46 cikin 100 na barasa, lokacin da ta fito wajen dala 20 ake sayar da lita guda. Ƙamshinta mai sauƙi ne, vanila da ɗan ƙamshin ayaba da ta nuna, a baki kuma zaƙin sukarin da aka narka sai ɗan yaji a ƙarshe, amma da ka haɗiye shikenan ta tafi, bata barin komai a baki. Ba mummuna bace ko kaɗan, kawai dai ruwa-ruwa take, in ka sa mata ƙanƙara sai ta ƙarasa ɓacewa. In taro zakayi wanda mutane zasu haɗa da Coke ko lemon citta to ta wadatar. Sannan kar rubutun Small Batch ɗin ya ruɗe ka, dokar Amurka bata faɗi ganguna nawa ake nufi da shi ba, kowane kamfani yadda yaga dama yake amfani dashi.

Yanzu ga wacce nake so. Bottled-in-Bond furuf 100 ce cif, rabin kwalbar barasa kenan, kuma ba Costco ce ta zaɓi wannan lambar ba, doka ce tun 1897. A wancan lokacin kasuwar wuski a Amurka ta cika da algus, mutum zai samu barasa tsantsa ya zuba mata ruwan taba ko aidin ko ƙonannen sukari dan tayi kala ya sayar a matsayin tsohuwar wuski, mutane suna sha suna cutuwa. Mu da muka san abun da ya faru a Ondo da Ribas a 2015, inda ogogoro mai guba ya kashe mutane da dama, ba sai an yi mana dogon bayani akan illar shan abun da baka san asalinsa ba. To masu dafa ta gaskiya irinsu Kanar E. H. Taylor suka matsa ma majalisa har aka yi dokar, wadda tace duk kwalbar da zata ɗauki wannan rubutun dole matata ɗaya ce ta dafa ta, a cikin zango ɗaya na shekara wato Janairu zuwa Yuni ko Yuli zuwa Disamba, ta kwana aƙalla shekara 4 a sito da ke ƙarƙashin idon gwamnatin tarayya, sannan a zuba ta a kwalba a furuf 100 ba ƙari ba ragi. Har yau dokar tana aiki. Wannan shine dalilin da yasa a giyar shago nafi yarda da wannan rubutun akan duk wani zane mai kyau ko labarin kakan-kakanni da ake bugawa a bayan kwalba, domin shi alkawari ne da in ka karya hukuma zata kama ka.

A hanci tafi ƴar uwarta nauyi nesa ba kusa ba, da farko barasar zata ɗan soke ka shi yasa nace a barta ta huta, bayan nan sai ƙamshin alewar madara ya taso, da kirfa, da wani abu kamar ɓawon lemu da ya bushe, can ƙasa kuma ƙamshin katako. Kurɓin farko akwai zafi kam, kar wanda ya ce maka babu, amma zafi ne mai tafiya da ɗanɗano ba irin mai ƙona maƙogwaro a banza ba. Zaƙin ne ke fara zuwa, mai kauri kamar na dabino, sai yaji ya biyo baya irin na masoro da kanumfari, wannan yajin daga wani hatsi yake da suke kira rai, ɗan uwan alkama ne, kuma an san bobon ɗin Barton da shi. In ka haɗiye tana daɗewa a baki, ɗumi yana sauka a hankali sai ɗan ɗacin itace a ƙarshe wanda ni yana min daɗi, ko da yake nasan wasu bazasu so shi ba, musamman wanda ya saba da Maker's Mark da ake yi da alkama mai laushi a baki. Da ka ɗiga mata ruwa kaɗan sai zafin ya kwanta zaƙin ya ƙara fitowa, kuma ko ƙanƙara ka sa bata mutuwa, nan ne ƙarin furuf 8 ɗin nan yake nuna amfaninsa. Aibinta ɗaya da zan faɗa shine bata da zurfin wuskin da ya shekara 8 ko 10, kana jin ƙuruciyarta, akwai ɗan ƙamshin ɗanyen hatsi da bai gama ɓacewa ba. Amma a kuɗinta ban ga dalilin ƙorafi ba.

Mu yi lissafi. Kwalbar wuski da aka saba a Amurka mililita 750 ce, ita kuwa ta Kirkland lita guda ce cur, wato ƙarin kashi ɗaya cikin uku. In ka saya a wajen dala 25, kamar ka sayi kwalbar da aka saba a ƙasa da dala 19 ne. Ita 1792 Bottled in Bond mai asalin sunan gidan, a shagunan da nake zuwa bana ganinta ƙasa da dala 35, kuma ƙaramar kwalba ce. Na ajiye su gefe da gefe na gwada, ta 1792 tafi santsi kuma ƙamshinta yafi haɗuwa, wannan gaskiya ne, amma fifikon bai kai na ninkin kuɗi ba. Sirrin arahar ba wani abu bane, Costco bata kashe kuɗin talla akan Kirkland, tana saye da yawa lokaci guda, kuma an san bata ɗora ribar da ta wuce kamar kashi 15 cikin 100 akan kayan da ke ɗauke da sunanta.

Amma kar ince ita kaɗai ce a fili. Evan Williams mai farar takarda shima Bottled-in-Bond ne daga kamfanin Heaven Hill, yana da araha sosai kuma kusan kowane shago akwai shi, shi yafi karkata wajen ɗanɗanon gyaɗa. Wild Turkey 101 ya ɗan fi tsada amma a wurina yafi ta Kirkland cika baki. In baka da katin zama mamban Costco da ake sayayya dashi, ɗauki ɗaya cikin biyun nan ka huta, domin kuɗin katin dala 65 ne a shekara tun da suka ƙara a 2024, kuma yin kati saboda wuski kawai asara ce.

Single Barrel kuma furuf 120 ce, kashi 60 cikin 100, lokacin da ta fito wajen dala 30 ake sayar da ita. Wannan ba ta sabon shiga bace. Wadda na samu tayi daɗi ƙwarai, zaƙi mai duhu kamar cakulan da kirfa mai yawa, sai dai dole ka sa ruwa in ba haka ba harshenka zai mutu tun kurɓi na biyu ka daina jin komai. Matsalarta shine kowace kwalba daga ganga ɗaya tak ta fito ba a gauraya da wasu ba, dan haka wadda na sha da wadda zaka saya zasu iya bambanta sosai, bazan iya maka alkawari akanta ba kamar yadda zan yi akan ta tsakiyar. Ga wuyar samu, tana fitowa ne lokaci-lokaci kuma kafin kace me an kwashe. In ka ganta kuma kana son abu mai ƙarfi ɗauki ɗaya, a wannan kuɗin da wuya ka samu furuf 120 a wani wuri. Kuma dan Allah a tuna ƙarfinta ya ninka na wuskin da aka saba sau ɗaya da rabi, wanda ya sha wannan bashi da abun yi da sitiyari a daren, a ajiye makulli a kira Uber, ƴan sandan nan basa jin magiya kuma ran mutane ne a titi.

Maganar inda ake samu ma sai an yi haƙuri, domin kowace jiha da dokarta. A Maryland inda nake Costco bata sayar da wuski, a Bajiniya shagunan gwamnatin jiha ne kawai ke sayar da giya mai ƙarfi, shi yasa mutanen yankin nan suke gangarawa reshen da ke cikin birnin Washinton. A Kalifoniya da Minesota kuwa ko baka da kati doka ta baka damar sayen giya a wurinsu. Farashin ma yana canzawa saboda harajin kowace jiha, kuma ba kullum ake samun duka ukun a kan kanta ba, Small Batch ce aka fi gani, ita Bottled-in-Bond tana zuwa tana ɓacewa. Kafin ka ƙona mai ka kira reshen ka tambaya ko tana nan, in sun ce akwai kuma kana da biki a gaba to ɗauki biyu, wuski baya lalacewa in kwalbar na rufe, a tsaye zaka ajiye ta inda rana bata dukanta.